Tambaya da Amsa: Daga Volt 12 Zuwa 200, MOSFET Na Ƙonewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa na'urar ɗaga wuta daga batirin sola mai volt 12 zuwa volt 200, da 555 (ƙaramin IC mai bada bugun kunnawa da kashewa), IRF740 (MOSFET, wato taransista mai aikin makunni), koyil (naɗin waya) 100µH da dayod (mai barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai) 1N4007. MOSFET ɗin na ɗaukar zafi har ya ƙone. Idan kuma ban jona komai ba, wutar haurawa take yi har kondensa (ma'ajiyar caji) ta kumbura. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Fara cire 1N4007 ɗin nan. An yi shi ne don wutar gida mai juyi 50 a daƙiƙa, a irin haɗinka kuwa 555 kan yi wajen 40,000. Kafin dayod ɗin ya gama rufewa MOSFET ya riga ya kunna, sai wutar kondensa ta komo ta kansa. Sa UF4007: girmansu ɗaya, amma shi cikin 75ns (ns kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa) yake rufewa.

Sai koyil, inda aka fi yin tuntuɓe. Rubutun 100µH kaɗai bai wadatar ba. Idan MOSFET ya yi 20µs (µs kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa) a kunne kan volt 12, abin da ke bi ta koyil ɗin na kaiwa 2.4A. Ƙananan korayen nan masu kama da razista ba sa ɗaukar ko rabin haka; cikinsu ya ƙoshi da maganaɗisu, sai su koma waya zalla, MOSFET ya sha duka. Nemi mai jikin farait (baƙin abu mai riƙe maganaɗisu da ake naɗa waya a kai) da waya mai kauri, wanda zai jure 3A. Taɓa shi bayan ka kashe wuta ka sauke cajin kondensa: in ya fi MOSFET zafi, ya yi kaɗan.

Haurawar wuta kuwa rashin birki ne. 555 bai san kondensa ta cika ba, turawa kawai yake yi har ta doshi volt 400, iyakar IRF740. Jera razista 220k biyu daga mafitar wuta (guda ɗaya mai kwata wat bai kamata ya wuce volt 250 ba), sannan 1k da wani 1k mai murɗawa zuwa ƙasa (layin negatif na batir). Inda 220k ta haɗu da 1k ka kai ƙafar bes ta taransista BC547, ƙafar emita zuwa ƙasa, ƙafar kolekta zuwa ƙafa ta 5 ta 555. Murɗa har mita ta nuna 200.

Kondensar mafita ta zama 4.7µF mai volt 400. Sa razista 10 ohm kafin get (ƙafar da ke kunna MOSFET), da guntun alminiyam a bayan MOSFET, don zafin Afrilu a Katsina ba ya ragawa. Bar tazarar milimita 3 tsakanin layukan babbar wuta, ka goge ragowar dalma, domin ƙurar hunturu da ta kwanta kan allo, da ta sami laima sai ta zama hanyar tartsatsi.

Volt 200 na iya kisa. Bayan ka cire batir, jira daƙiƙa goma, ka auna da mita kafin ka kai hannu. In sama da 250 kake so, bar koyil guda, koma taransifoma mai naɗi biyu.