Tambaya da Amsa: In An Rage Ranakun Aiki, Wa Zai Ɗauki Ragowar?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya sa masu kamfanoni da dama a Abuja tunanin rage ranakun aiki. Wasiƙun wannan makon a kan haka suke, kuma masana harkar albashi da kula da ma'aikata ne suka amsa.

Tambaya: Ina da kamfanin rarraba kayan masarufi a Utako, ma'aikata 12. Yawancinsu daga Mararaba, Masaka da Kubwa suke zuwa, kuɗin mota na cinye albashinsu. Ina son mu koma kwana huɗu a mako, in ba wani kamfani kwangilar wasu ayyukan. Wanne zan bayar, wanne zan riƙe? (Wata Hajiya, Utako)

Amsa: Hajiya, ki fara tantance abin da kike son ragewa, domin abu biyu ne mutane ke haɗawa. Akwai rage zuwa ofis, akwai rage sa'o'in aiki. Lokacin da Jihar Kaduna ta fara tsarin kwana huɗu a watan Disamba 2021, an ƙara tsawon yinin aiki ne, aka ce ranar Juma'a a yi aiki daga gida. Gwajin da aka yi a Birtaniya a 2022 kuwa, wanda kamfanoni 61 suka shiga, sa'o'in aka rage kuma ba a taɓa albashi ba. In na farkon kike nufi, wataƙila ba kya buƙatar ɗan kwangila sam. In na biyun ne, ga lissafi: mutum 12 a sa'a 40 sun ba ki sa'a 480 a mako. A sa'a 32 za su ba ki 384. Giɓin sa'a 96 ne, wato aikin mutum uku a sabon tsari.

Kada ki yi saurin sayo sa'a 96 ɗin duka daga waje. Ki sa kowa ya rubuta abin da yake yi duk rabin sa'a har mako biyu. Za ki tarar wani kaso yana tafiya ne a jiran sa hannunki, da taron safe mai tsawo, da rubuta rasit a takarda sannan a sake shigar da shi kwamfuta. Wannan gyara yake so a cikin gida. Abin da ya rage shi ne na kwangila.

Aikin da ya cancanci fita yana da alama uku: ana maimaita shi kullum ta hanya ɗaya, ana iya rubuta yadda ake yin sa a shafi ɗaya ko biyu, kuma ana iya ƙirga sakamakonsa. Lissafin albashi, shigar da rasit, kai ƙananan kaya a babur, shara da gadi, duk sun cika sharaɗin. Amma sa farashi, yanke wa za a ba bashi da nawa, mabuɗin sito, lambar sirrin asusun banki, da hulɗa da manyan kwastomominki, waɗannan ba sa barin hannunki. Ɗan kwangila bai san wane mai shago a kasuwar Wuse ke biya ranar da ya ce ba, yaranki kuwa sun sani, kuma wannan sanin shi ne jarin kamfanin.

Ki fara da aiki ɗaya tak. A watan farko a yi shi bibbiyu, a ciki da waje, a kwatanta. Ki ware mutum ɗaya da zai zama mahaɗa tsakaninku da ɗan kwangila, ki cire masa sa'o'in wannan aikin daga nauyinsa, domin kula da ɗan kwangila ma aiki ne. Yawancin kwangilolin da ke lalacewa a nan suke lalacewa: mutum biyar na ba da umarni ta WhatsApp, kowa da nasa. Wajen kwatanta farashi kuma, ki tambaya ko an haɗa harajin VAT na kashi 7.5 a kuɗin da aka faɗa miki.

Wata shawara: kada duka su huta a rana guda. Rabi su huta Litinin, rabi Juma'a. Shaguna kan yi odar ƙarshen mako, ba za su jira ki ba.

Tambaya: Mun ba wani kamfani lissafin albashinmu. Bayan wata biyar ma'aikata suka ce ba sa ganin saƙon shigar kuɗin fansho, alhali ana cire musu. Laifin wa ne a doka? (Manajan wata makaranta, Garki)

Amsa: Malam, abin ba daɗin ji, amma a gaban doka nauyin a kanku yake. Ku ne masu ɗaukar aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, kuma jinkiri yana jawo tara. Haka harajin albashi: na ma'aikatan da ke zaune a Abuja, hukumar harajin birnin, FCT-IRS, ake biya, zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Ga kuma kashi 1 na NSITF, asusun biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki. Kuna iya bin ɗan kwangilar ku ƙwato kuɗinku, amma ku fara cike asusun ma'aikata, haƙƙinsu ne, ba su suka zaɓi kamfanin ba.

Kuskuren shi ne tura masa kuɗin a dunƙule. Daga yanzu shi ya yi lissafi ya kawo jadawali, ku kuma ku biya kai tsaye daga asusunku. In dole shi zai biya, a rubuta cewa ba za a ba shi ladan watan ba sai ya kawo shaidar biya. Duk wata ku zaɓi ma'aikata uku ku ga saƙon da kamfanin fansho ya turo musu.

Tambaya: Muna rufe ɗakin gwajin jini da ƙarfe huɗu yanzu. Zan iya ba wani kamfani amsa kira da saƙonnin yamma? (Mai ɗakin gwaje-gwaje, Gwarinpa)

Amsa: Za ka iya, Alhaji, amma da iyaka. Su faɗi farashi, lokacin buɗewa, ko gwajin na buƙatar a zo ba a ci komai ba, su kuma ba da lokacin zuwa. Sakamakon gwaji kada ya bi ta hannunsu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, tana neman rubutacciyar yarjejeniya tsakaninka da mai sarrafa maka bayanai, kuma in bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, sa'a 72 gare ka ka sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC. Lambar wayar ta kasance da sunan kamfaninka, don ranar rabuwa kada su tafi da kwastomominka. Ka sa ma'auni a takarda, misali a amsa saƙo cikin minti 15, ka kuma kira da kanka da Hausa ka ji ko akwai mai iya amsawa.

Tambaya: Ni ce mai shigar da rasit a ofishinmu, kuma an ce za a ba da aikin kwangila. Kora ce ke tafe? (Wata ma'aikaciya, Nyanya)

Amsa: Malama, damuwarki a kan hanya take. Ki nemi a rubuta miki matsayinki. In an ce za a mayar da ke ƙarƙashin kamfanin kwangilar, ki tambayi wa zai biya fanshonki, me za a yi da shekarun da kika yi, kuma ko kamfanin na da lasisin samar da ma'aikata daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Kada ki sa hannu a takardar ajiye aiki kafin ki ga sabuwar takardar ɗauka. Sannan ki nemi kujerar mahaɗa tun yanzu: dole wani ya duba abin da ɗan kwangila ya shigar, kuma ke kika san rasit ɗin da ke zuwa da kuskure da dilan da ke aiko shi.