Da gaske ne Hausa gurɓataccen Larabci ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta kundin kammala digiri kan kalmomin aro, sai aka turo min bidiyo ta WhatsApp, wani yana jero gajerun kalmomin Hausa da takwarorinsu na Larabci da Japananci, yana cewa Hausa ba ta da asalin kanta. Hankalina ya tashi, ko dai tushen aikina ya rushe ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki, ’yata, aikinki na nan daram.

Aro gaskiya ne, kuma yana da sawu. Dubi harafin Dad na Larabci, yadda yake komawa "l" a bakin Bahaushe: alƙali, alwala, farilla, lalura, haila. Dubi "b" na ƙarshe da ya zama "f" a littafi da laifi, ga kuma lam ɗin "al" ya manne musu a gaba, kamar a labari da lahira. Sauyi ne mai maimaita kansa, shi ne hujja. Wasu kalmomin ma ta hannun Barebari suka iso mu, kamar kasuwa, kuma masanin harsuna Joseph Greenberg ya yi bayanin wannan hanya tun 1960. "Mutu" kuwa, mai kama da "mata" na Larabci (wato ya mutu), ba aro ba ce, gado ce, domin Hausa ’yar reshen Cadi ce a dangin Afro-Asiya, inda Larabci yake reshen Simitik. ’Yan uwa ne na nesa, babu wanda ya haifi wani.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu tsintar kalma mai gaɓa ɗaya su kafa tarihi a kanta. Sautukan harshe kaɗan ne, harsunan duniya kuwa sun kai dubu bakwai, to ina mamaki don baƙi ɗaya da wasali ɗaya sun yi kiciɓis? "Ni" a harshen Bask na arewacin Sifen ma'anarta ni, kamar tamu. A Sinanci kai ce ko ke, a Japananci biyu. Shin Bask ma Hausawa ne? Farisanci da Ingilishi duk suna da "bad" da ma'anar marar kyau, amma masana sun tabbatar ba tushensu ɗaya ba. Mai bidiyo ba zai faɗi dubban kalmomin da suka ƙi dacewa ba, sai goman da ya tsince. Kullum ɗalibai na kawo min irin wannan shaci-faɗi, wasu har sun cusa shi a babi na biyu, saboda mai maganar ya sha rawani ko ya kira kansa dakta. Wallahi wannan cutar da yara ce.

Duk kalmar da za ki kira aro, ki binciko ta a ƙamusun Bargery na 1934, ki kawo asalinta na Larabci, sannan ki nuna aƙalla wasu kalmomi uku da suka bi irin sauyin sautinta.