Fatawa: Muzuru yana shigowa gida yana cin zalin magena, zan iya sa mishi guba?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da mage biyu mace da namiji, tun suna ƙanana nake kiwonsu saboda ɓeraye sun dame mu a sito. Toh wajen wata biyu kenan wani ƙaton muzuru baƙi mai yagaggen kunne ya gano gidan, ta katanga yake dirowa bayan isha'i ko da asuba, ya cinye abincinsu ya bi su da cizo, ranar nan ya fasa wa namijin kafaɗa har ta kumbura tayi ruwa, kuma ya fitsare min dardumar sallah da na shanya. Yanzu ko tsakar gida basa iya fitowa. Maigidana yace a kwaɓa shinkafar ɓera da kan kifi a aje mishi kowa ya huta, maƙwabciyata kuma tace ai baƙin muzuru aljani ne kar in kuskura in taɓa shi. Ni dai raina bai kwanta da ko ɗaya ba. Dan Allah Malam meye hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika tambaya kafin a kwaɓa wannan kifin, don da yawa sai sun aikata sannan suke zuwa tambaya.

Kina da haƙƙin kare dabbobinki, har ma wajibi ne a kanki tunda ke kika ajiye su. Annabi (SAW) yace "la darara wa la dirar", ba cuta ba cutarwa, Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa kuma shine hadisi na 32 a Arba'una. Daga nan malamai suka ciro ƙa'idar cewa cuta gusar da ita ake yi. Amma sun ɗora mata sharaɗi, duk abin da ya afko maka mutum ne ko dabba, da mafi sauƙi ake fara tunkuɗe shi, in tsawa ta isa ba a ɗaukar sanda, in rufe ƙofa ya isa ba a zubar da jini. A nan maganar maigidanki ta samu matsala, don ya tsallake matakai da yawa ya dira kan na ƙarshe, kuma ta hanya mafi muni.

Ina so ki fara cire wa muzurun nan sunan azzalumi a ranki. Dabba ce, ba a ɗora mata shari'a ba. Abu uku ne ke kawo irinsa gida: yunwa, ko mace da ta shiga lokacin barbara yana jin ƙanshinta daga nesa, ko kuma faɗan yanki, shi namijin mage in ba a dandaƙe shi ba baya son ganin wani namiji a inda ya ɗauka nashi ne, shi yasa kika ga namijin naki ya fi shan wuya, kuma wannan fitsarin da yake fesawa a kan kaya alama ce yake sawa cewa nan wurina ne. Naki sun tashi a ɗaki suna cin dafaffe, kyanwar Lami ne ba cizo ba yakushi, shi kuma a bola da kwata ya girma yana ƙwatar abin da zai ci, wannan yagaggen kunnen da kika gani shedar haka ne.

Mage tana da matsayi a addinin nan. Kabsha 'yar Ka'ab bin Malik ta zuba wa surukinta Abu Ƙatada ruwan alwala sai ga kyanwa tazo, ya karkato mata ƙwaryar har ta sha ta ƙoshi, Kabsha tana kallonsa da mamaki, yace mata Manzon Allah (SAW) yace ita ba najasa bace, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Bai ce ta gida ba banda ta waje. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito matar da ta shiga wuta saboda kyanwa da ta tsare, bata bata abinci ba, bata kuma sake ta taje ta ci ƙwarin ƙasa ba har ta mutu. Ki lura wannan matar ko dukanta ba a ce tayi ba, tsarewa ce kawai da yunwa. Toh ina ga wanda ya yaudare ta da abinci ya ƙona mata hanji?

Ni na taɓa ganin magen da ta ci irin wannan guba a wani gida da muke karatu. Bata mutu nan take ba, ta wuni tana jan ciki tana amai, kumfa a bakinta, tana ta neman ta kai ga gindin randa, yara sun zagaye ta suna kallo. Har yau abin yana raina. Annabi (SAW) yace Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za ku kashe ku kyautata kisan, Muslim ya ruwaito daga Shaddad bin Aus. Ko a inda kisa ya halatta azabtarwa bata halatta ba. Sannan guba bata san wanda aka aje wa ita ba, magenki na iya riga shi, kajin maƙwabta na iya tsattsaga, yaro mai rarrafe na iya kai hannu, kinga an kori ƙaramar cuta da wadda ta fi ta. Don haka shinkafar ɓera ko fiya-fiya a abinci, ko watsa mishi tafasasshen ruwa, ko a ɗaure shi a buhu a jefa kududdufi, ko a tara yara su rufe shi da jifa da danƙo, duk bai halatta ba.

Wani zai ce ai an yarda a kashe dabbobi masu cutarwa. Eh, guda biyar aka ambata a hadisin Nana A'isha: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Imam Malik ya faɗaɗa ma'anar kare mai cizo ta haɗa duk naman dajin da ke afka wa mutane irin zaki da damisa, amma a wannan babin da bakinsa ya cire mage daga ciki, yace tana cikin waɗanda basa afkawa mutum.

Abin da za kiyi, ki fara da cire abin da ke kiransa. Ki daina barin kwanon abincinsu a tsakar gida, ki basu a ɗaki su ci ki ɗauke ragowar, ƙashin kifi da na kaza a rufe a bokitin shara. Daga magariba zuwa hantsi ki shigar da su ciki tunda lokacin yake zuwa, ki aje musu kwali da yashi don bayan gida. A duba ta inda yake hawowa, galibi akwai tulin itace ko durom a jikin katangar, a janye. In kin ganshi ki buga murfin tukunya ko ki watsa mishi ruwan sanyi, sati ɗaya zuwa biyu yana zuwa bai samu komai ba sai tsawa yawancinsu canja hanya suke. In zuciyarki ta baki ki aje mishi ɗan abinci can nesa da gidan kina da lada, Annabi (SAW) yace a kowace hanta mai danshi akwai lada, sai dai kar ki aje a ƙofar gida don kin ƙara gayyato shi kenan.

In macen taki ce ke janyo shi, ki kai su asibitin dabbobi a musu aikin hana haihuwa. Malamai sun yi saɓani a kan dandaƙa, a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an halatta ta ga tumaki da awaki saboda maslaha an hana ga dawaki, kuma malaman Hanafiyya sun faɗa a fili cewa ba laifi a yi wa mage in akwai amfani ko kauda cuta. Abin da na fi natsuwa dashi shine ya halatta in likita ne zai yi da allurar kashe zafi, ba wani ya kama ta da reza a soro ba. Shi ma mai kumburarren kafaɗar ki kai shi yau, cizon mage ƙaramin rami ne a waje amma mugunya yake tarawa a ciki, barinsa haka shiga haƙƙinsa ne.

Kuma ki tambaya a unguwa, wataƙila yana da mai shi. In na maƙwabci ne ki je da sallama kuyi magana, ba ki da ikon kashewa ko ɓatar da abin wani.

In duk anyi wannan bai daina ba, a kama shi da kwando ko keji a kai shi nesa. An tambayi Ibn Taimiyya game da mage mai cinye wa mutum kaji, yace ya tunkuɗe ta, yana iya kai ta wuri mai nisa, in kuma cutarta bata kauwa sai da kisa toh a kashe. Nisan da ake nufi inda zai rayu ne, kamar kusa da mahauta ko 'yan kifi a kasuwa, ba dokar daji ba inda ba ruwa. Ga waɗanda magen da ke shigo musu mace ce, a duba nonon tukuna, in tana shayarwa a bari ta yaye, don Annabi (SAW) da ya ga tsuntsuwa tana fuffuka saboda an ɗauke mata 'ya'ya cewa yayi a mayar mata. Shi kuwa kisa sai cuta ta tabbata kuma hanyoyin nan sun ƙare, misali ya fara afka wa yara, ko aka ga alamar ciwon haukan kare a jikinsa don mage ma tana ɗauka, a nan ma likitan dabbobi za a kira ya gama dashi cikin sauri. A yadda kika siffanta naki lamarin bai kai nan ba. Amma in ya ciji mutum ko ya yakushe shi a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a wuce asibiti.

Maganar maƙwabciyarki bata da dalili, baƙin launi baya mayar da mage aljani, kiyi bismillah ki kore shi ba abin da zai same ki da izinin Allah. Dardumar kuma ki wanke inda fitsarin ya taɓa har wari da launi su tafi, fitsarinsa najasa ne a mazhabar Malikiyya, amma ruwan da ya sa baki a ciki mai tsarki ne in dai ba ki ga najasa a bakin nashi ba.

Ki karanta wa maigidan naki wannan amsar cikin ladabi, ki roƙe shi ya taya ki gyara katangar.

Wallahu a'alam.