Tambayi Likita: Ido Da Rarrabe Launi

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 7 ba ya bambance ja da kore. Malaminsa ya ce wasa ne ya yi masa yawa. Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, don Allah kada a yi wa yaron nan faɗa. A can bayan ido akwai wani tantani mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kama haske. Kimanin miliyan 6 daga cikinsu aikinsu launi ne, kuma iri uku ne: masu ja, masu kore da masu shuɗi. Ƙwaƙwalwa ce ke auna saƙon da kowane iri ya aiko ta jijiyar gani, sannan ta yanke cewa wannan ruwan ɗorawa ne, wancan ruwan hoda. Idan iri ɗaya ya zo da rauni tun haihuwa, sai ja da kore su riƙa rikice wa mutum. Gado ne, ɗa namiji ta wajen uwa yake ɗaukarsa, shi ya sa ya fi yawa ga maza. Ki bincika, wataƙila mahaifinki ko wani ɗan'uwanki haka yake. A asibitin ido za a gwada shi da hotunan ɗige-ɗige masu lamba a ciki, waɗanda likitan Japan Ishihara ya fitar a 1917. Babu maganinsa, amma ba ya ƙaruwa, ba ya kuma makantarwa. A sanar da malaminsa.

Tambaya: Me ya sa da dare ba na gane kalar kaya?

Amsa: Malam, kowa haka yake. Cikin duhu wasu ƙwayoyin ne daban ke aiki, su kuwa ba ruwansu da launi. Sai dai in da magariba ta yi ba ka ganin gabanka sam, wannan dundumi ne, a duba ka.

Tambaya: Ina shan maganin tarin tibi, kwanan nan launuka sun fara dusashe mini.

Amsa: Wannan ita ce ta fi tayar mini da hankali. Cikin magungunan tibi akwai ethambutol, wanda kan taɓa jijiyar gani, kuma rikicewar ja da kore na cikin alamun farko. Ka koma wurin masu ba ka maganin yau ɗin nan, ka faɗa musu, su duba idonka su sauya abin da ya kamata. In an yi da wuri, sau da yawa gani yana dawowa.