Tambaya da Amsa: Zan sayi gida a tsakiyar Kwatano

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne daga Tawa, ina ɗauko atamfa da gwanjo daga Kwatano. Kuɗin haya da na kabu-kabu sun ishe ni. Wani dillali ya nuna mini tsohon bene tsakanin Zongo da Jonquet, inda da ƙafa zan je masallaci, in je kasuwannin Missèbo da Dantokpa. Ya ce takardar gidan ta sayarwa ce mai hatimin magajin gari, kuma in ba da rabin kuɗin kafin wani ya riga ni. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ba da ko dala tukuna. Wurin kam ya yi, don a nan Hausa ma ta ishe ka ciniki, kuma sefa ɗaya muke kashewa da Benin, babu asarar canji. Amma takardar da dillalin ya ambata shaidar ciniki ce kawai, ba ta hana wani ya fito gobe da irinta a kan gidan.

Abin da za ka nema shi ne titre foncier, wato takardar mallakar fili. Dokar filaye ta Benin ta 2013, wadda aka gyara a 2017, ita ta sa wannan takarda ta zama cikakkiyar shaidar mallaka, kuma hukumar filaye ta ƙasar, ANDF, ke riƙe da rajistarta. Karɓi lambar takardar, ka sa notar (masanin doka mai tabbatar da takardun ciniki) da kai ka zaɓa, ba na mai sayarwa ba, ya ciro bayanin da suke kira état descriptif. A nan za a ga sunan mai gidan, girman filin, da ko an jinginar da shi a banki. Sai ka kawo mai awon fili ya gwada iyakoki, domin katanga takan ci hanya ko filin maƙwabci. Ka kuma tambayi notar ɗin matsayinka na baƙo: doka ta bar wanda ba ɗan ƙasa ba ya sayi gida a cikin birni bisa yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasarsa da Benin, filin karkara kuwa ba a sayar masa. Ya rubuta maka amsar a takarda.

Inda aka fi kwana ciki shi ne gado. Tsofaffin gidajen tsakiyar gari da yawa na iyali ne, mai su ya rasu, magada sun watsu har Legas da Faransa. Ɗaya ya sayar, ka gyara, ka shafa fenti, sai ga ƙanwarsa da sammaci. Rigimar fili ta yi yawa a ƙasar har sai da aka kafa mata kotu ta musamman a 2022. In gidan gado ne, nemi takardar zaman iyali da kotu ta tabbatar, mai nuna wanda aka wakilta ya sayar. Kuɗi kuma ta hannun notar za su bi, ba ta aljihun dillali ba, komai rantsuwarsa.

Sai ginin kansa, kuma a nan mutanenmu na Adar suka fi ruɗuwa, don idonsu ya saba da ƙasa busasshiya. Kwatano tana kwance ne a kan rairayi tsakanin teku da tafkin Nokoué, ruwa na kusa da ƙasa ƙwarai. Damina biyu gare su: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Gidan da ka gani tsaf a Janairu, je ka gan shi a Yuni bayan ruwan dare. Dubi gindin bango: in akwai layin danshi ko fenti na kumbura, ruwa na kaiwa nan. Gwada tsayin daɓen gidan da na titi, domin inda aka ɗaga hanya aka shimfiɗa mata duwatsun siminti, tsohon gida yakan koma rami. Buɗe murfin masai ka ga inda ruwa ya tsaya, a irin wannan ƙasa yakan cika da damina ya dawo cikin gida.

Iskar teku kuma gishiri gare ta. Yana ratsa kankare ya kai ga ƙarfen ciki, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa simintin daga ciki. Abin ya fi muni a gidajen da aka gina da yashin bakin teku, kafin a hana ɗibarsa. Ɗaga kai ka dubi ƙasan dakalin bene da na baranda: jan tabo, tsagewa mai bin tsawon ƙarfe, ko wurin da aka yi wa sabon yaɓe shi kaɗai. Ƙwanƙwasa ginshiƙai da ƙaramar guduma, in ka ji ƙarar holoƙo, simintin ya rabu da ƙarfe. A bakin teku ana son kankare ya rufe ƙarfe da santimita 5. In ginshiƙai da yawa sun kamu, lissafa cewa fili kawai kake saye, ka cire kuɗin rushewa.

Wani abu da dillali ba zai faɗa maka ba: gwamnatin Benin ta bayyana shirin kwashe kasuwar Dantokpa, cinikin sari ya koma Akassato, a wajen birnin. Ga shi kuma tun 2023 hanyar Gaya da Malanville ba ta koma yadda take ba, kayan Nijar da yawa ta Lome suke bi. Kasuwar da kake son takawa da ƙafa tana iya yin nisa. Shawararmu, kama haya a unguwar ka ci damina ɗaya, notar na bincike kana kallon ruwa.

Tambaya: Daga Yamai nake. Maigidana na son mu koma Kwatano, ni kuma gidan da ke kallon teku nake so. Wane gefe ya fi?

Amsa: Hajiya, igiyar ruwa a wannan gaɓa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Tashar jiragen ruwa da aka gina a shekarun 1960 ta tare shi, sai ya taru a yamma, gefen Fidjrossè, teku kuma ta yi ta cin gabas, har ta haɗiye gidaje a bakin Akpakpa kafin a jera shingayen duwatsu. In dai sai bakin teku, yamma ta fi kwanciyar hankali, amma kasuwa ta yi muku nisan ƙafa. Ku sa tagogin alminiyam maimakon na ƙarfe, ku riƙa wanke injin sanyaya ɗaki na waje da ruwan famfo, kabad ɗin tufafi kuma a janye shi daga bango, in ba haka ba leshinki zai yi fumfuna kafin damina ta fita.