Tayar motar da ba ta cika fita ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da mota irin mai ɗakin kwana da kicin a ciki, 'yar Kwatano. Tana ajiye a gidana a Barnawa, sai da Sallah ko hutun yara muke fita da ita. Tayoyin ba su suɗe ba, amma gefensu ya fara tsattsagewa. Yaya zan yi su daɗe?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. A irin wannan mota zama ne ke cinye taya tun kafin kwalta ta ci zanenta. Masu ƙera taya suna cuɗa robar da wani sinadari mai kare ta daga rana da iska, kuma sai tayar tana juyawa yake fitowa sama. Idan ta yi watanni a tsaye cikin zafin Maris da Afrilu na Kaduna, robar takan bushe ta tsage, kamar yadda ka gani.

Ka fara duba shekarunsu. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi 4 na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 2319, mako na 23 ne na 2019. Kamfanin Michelin na ba da shawarar ƙwararre ya riƙa duba taya duk shekara idan ta kai shekara 5, a cire ta idan ta cika 10, ko da zanenta sabo ne. Wannan ya haɗa da safaya. Abin da ya fi damuna da motocin Kwatano shi ne tayoyinsu kan zo da tsufansu tun daga Turai.

Sai iska. Ka sayi gejinka, ka auna da sassafe kafin motar ta motsa, aƙalla sau ɗaya a wata, ka bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko littafin motar. Kada ka yarda mai faci ya rage maka iska a tsakiyar hanyar Zariya don wai taya ta yi zafi. Tashin iskar a lokacin ba matsala ba ne, ƙarancinta ne ke sa gefen taya ya yi ta lanƙwasa har ya fashe. Ka tuna kowace lita ta ruwan da ke tankin ruwan motar nauyin kilo 1 ce a kan tayoyin, don haka ka juye shi idan motar za ta zauna.

Ka sa ta a inuwa ko ka rufe tayoyin, ka ɗora su kan katako mai faɗi saboda damina, nesa da baƙin mai da dizal. A wanke da ruwa da sabulu kawai. Duk wata ka zagaya da ita har tayoyin su ɗumama.

Taya da ta riga ta tsage kuwa ba ta gyaruwa. Idan tsagar ta yi zurfi ko ka ga kumburi, ka canja kafin ka ɗauki iyali, kuma ka nemi mai alamar C ko CP, wadda aka yi don ɗaukar nauyi.