Bulgeriya ta koma yuro: yaya matafiyi zai yi da ragowar lev?

Tambaya: Malam, zan je Bulgeriya, daga can in wuce Girka da Romaniya. Ina da ragowar kuɗin lev tun tafiyar baya, ga shi an ce ƙasar ta koma yuro. Shin kuɗin nan sun mutu ke nan? Kuma yuro kaɗai zai ishe ni?

Amsa: Kwantar da hankalinka, kuɗinka suna nan da ransu. Bulgeriya ta fara kashe yuro ranar 1 ga Janairu 2026, ta zama ta 21 cikin ƙasashen da ke kashe yuro. Wata ɗaya aka ba lev ya yi yawo tare da yuro, daga ƙarshen Janairu kuwa mai kanti ba zai karɓa ba. Ka kai su Babban Bankin Bulgeriya a Sofiya, can ana canzawa kyauta, babu wa'adi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne farashin, domin a kafe yake, ba ya hawa ba ya sauka: lev 1.95583 shi ne yuro ɗaya. Lev 100 zai ba ka yuro 51.13. Duk wanda ya tare ka a bakin tasha da wani lissafi daban, ƙwarar ka zai yi. Wuce shi kawai.

Takardar da ka karɓa a Sofiya ita za ka kashe a Atina, babban birnin Girka, ba canji ba kamasho. Sulallan ne kan rikita baƙo, saboda kowace ƙasa da zanenta a baya. Za ka ga mahayin dokin da aka sassaƙa a jikin dutse kusa da ƙauyen Madara a ƙananan sulallan yuro na Bulgeriya, mujiya kuma a yuro ɗayan Girka. Duk suna ci a ko'ina cikin ƙasashen yuro.

Romaniya fa daban take. Tana cikin Tarayyar Turai, amma kuɗinta leu ne har yanzu, haka ma Folan da Hangari da Suwidin kowa da nasa. Nan matafiya da yawa ke shan mamaki, don haka ka tanadi ɗan leu kafin ka tsallaka.

Riƙe takardun yuro 10 da 20 da 50, don ƙananan shaguna ba sa son 200. Idan na'urar cirar kuɗi ta tambaye ka ko ta lissafa da kuɗin ƙasarku, ka ƙi, ka zaɓi kuɗin inda kake, domin canjin da na'urar ke yi ya kan fi tsada. In kuma tsabar da ke hannunka ta kai yuro 10,000, dole ka bayyana wa kwastam yayin shiga Tarayyar.